Tambarin Da Ke Jikin Ƙyaure: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan ƙofa suka tsaya. Ban yi mamaki ba. Ruwa ya ɗauke, masu gini sun koma bakin aiki, masu aurar da 'ya'ya kuma suna ta gyaran ɗaki. Na zaɓi biyar. Masu tambayar silin da kwanon rufi su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, ina gina gida a Mabera cikin Sakkwato, an kai ga sa ƙofofin ɗakuna. Wani mai shago ya nuna mini ƙyauren ƙasar waje, a jikin kwalinsa akwai ɗan tambari mai siffar itace, an rubuta FSC. Ya ce shi ne shaidar gara ba ta cinsa, ruwa ba ya kumbura shi, shi ya sa ya fi sauran tsada. Guda tara nake so. In ƙara kuɗin ko in bari? Daga wata malamar makaranta mai ritaya, Mabera.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa a shiga lafiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Ko dai mai shagon bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani ya ga ke ba ki sani ba. Gara ba ta iya karatu ba, kuma wannan tambarin bai taɓa hana ta aikinta ba.

Ki sake duban tambarin da kyau. Za ki ga ya fara da alamar nan da kuke yi wa ɗalibi da jan biro idan ya ci lissafi, sai jelarta ta zagaya ta zama kan itace. Na wata ƙungiya ce mai suna FSC, mai tantance yadda ake sarar daji, da aka kafa a 1993 a taron da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada, yanzu hedikwatarta tana Bon a Jamus. Abin da ya haife ta shi ne ƙorafin da ya yi yawa a wancan lokacin kan yadda ake kwashe dazuzzukan ƙasashe masu zafi, mai saye a Turai kuma ba shi da hanyar sanin ko teburinsa daga dajin sata ya fito. Sai suka tsara ƙa'idoji 10 da mai daji zai cika: ya bi dokar ƙasa, kada ya sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa, ya kiyaye haƙƙin ma'aikata da na mutanen da suka gaji wurin, ya bar wuraren da bai kamata a taɓa ba, da sauransu. Akwai ƙanwarta mai suna PEFC, wadda aka kafa a 1999, tana zaune a Janeba. Tambarinta itatuwa biyu ne a cikin da'ira. Dukansu maganarsu ɗaya: daga ina itacen ya fito, kuma yaya aka sare shi. Asalin katako suke shaida, kamar yadda ake binciken asalin yaro kafin a ba shi aure. Ko zai iya riƙe gida, wannan wani bincike ne daban.

Sannan kin ce a jikin kwali kika gani. A nan gizo ke saƙa. Kwali ma daga itace ake yinsa, kuma kamfanonin kwali da yawa suna da takardar shaidar ƙungiyar. A cikin tambarin akwai kalmar da ke faɗin abin da ake nufi. Idan kika ga an rubuta Packaging, to kwalin ne mai shaida, ƙyauren da ke cikinsa baƙo ne kawai. Na sha ganin haka a shaguna. Ki sa yaron shago ya zare ƙyauren, ki duba gefensa ko samansa ko akwai tambari a jikinsa shi kansa.

In akwai, ki karanta abin da ke ƙarƙashi. FSC 100% na nufin duk katakon daga dajin da aka tantance yake. FSC Mix haɗi ne, wani daga irin wancan daji, wani daga kayan da aka sake sarrafawa, wani daga inda aka dai bincika cewa ba na haram ba ne. Yawancin ƙyauren masana'anta da ke da tambarin wannan ne. FSC Recycled kuma tsohon katako ne ko tarkacensa aka sake aiki da shi. Can ƙasa akwai lamba, tana farawa da FSC, sai harafin C, sai alƙaluma shida. Wannan lambar ita ce ran tambarin. Ki ba jikanki wayarki ya shiga shafin ƙungiyar a intanet ya rubuta ta. Zai ga sunan kamfanin, da ƙasarsa, da irin kayan da aka ba shi izini a kai, da ko takardar tana aiki ko ta mutu. In lambar ta fito da sunan kamfanin buga littattafai alhali ƙofa ce a gabanki, kin sami amsa. In babu lamba sam, hoto ne kawai, wanda kowane yaro mai kwamfuta a Sabuwar Kasuwa zai buga miki ɗari kafin la'asar.

Kada kuma in sa ki ɗauka tambarin wahayi ne. An sha kama kamfanoni masu takardar suna cusa katakon sata a cikin na halas, an kuma ƙwace takardun wasu. Amma ko ba komai akwai wanda za a kama, akwai abin da za a ƙwace. Katakon da ba shi da uba fa?

Yanzu ga abin da ya fi damunki, wato ƙarko. Bari in ba ki labarin wani aiki da na yi a Arkilla. Mai gidan ya sayo ƙofofinsa da kansa, masu sheƙi kamar madubi, launin goro, ni dai kafawa aka kira ni. Damina ɗaya ya aiko a kira ni, wai ta banɗaki ta ƙi rufuwa. Na tarar da gindinta ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, fatar sama ta ɗago tana naɗewa. Na ce ya ba ni izini in yanka. Da zarto ya shiga, ko minti ɗaya bai yi ba ya faɗa rami. Ciki kwali ne aka saƙa gida-gida kamar saƙar zuma, an manna masa siririn allon garin katako gaba da baya, katakon gaske kuwa bai fi faɗin yatsa uku ba a gefe-gefe, sai ɗan guntu inda makulli ke zama. Mutumin ya daɗe yana kallon saƙar nan bai ce komai ba. Ba wai an cuce shi ba ne gaba ɗaya. Irin wannan ƙyauren an yi shi ne don ɗakin kwana busasshe, kuma a can yana shekaru. Laifin wanda ya sa shi inda buta ke zama ne, kuma ina cikin masu laifin tunda na gani na yi shiru.

Don haka ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Mai rami yana amsawa kamar ganga, cikakke yana amsawa a daƙile. Ki sa a ɗaga miki shi ki ga ko yaro ɗaya ya ɗauka da hannu ɗaya. Ki leƙa ƙasansa, nan ne ba a rufe wa kwalliya. Na banɗaki da kicin ki nemi na katako sosai ko na roba ko alminiyam. Sauran bakwai ɗin, in lambar ta tabbata kuma ƙarin bai taka kara ya karya ba, ki saya don kin taimaki wani daji da ba za ki taɓa gani ba. Amma ki saya da wannan niyyar, ba don gara ba.

TAMBAYA: Baba, ni kafinta ne a Wamakko. Wata ƙungiyar agaji za ta ba da aikin ƙofofi da bencina na makarantu, amma a takardar sun rubuta sai katako mai shaidar tantancewa. Na zaga 'yan katako babu wanda ya gane abin da nake faɗi. Wani ya ce zai haɗa mini takardar. Ina ake samu, kuma ni ma zan iya yin tawa?

AMSA: Ɗana, wanda ya ce zai haɗa maka takarda, ka gaishe shi ka wuce. Waɗanda suka rubuta sharaɗin sun san shafin da na gaya wa Hajiya a sama. Minti biyu ya ishe su gano ka, kuma ba wannan aikin kaɗai za ka rasa ba.

Abin sarƙa ne. Mai daji yana da takardarsa. Mai injin tsaga yana da tasa, dillalin da ya saya ya ajiye yana da tasa, mai masana'antar da ya mayar da shi ƙofa yana da tasa. Kowa idan zai sayar wa na gaba sai ya rubuta lambarsa a rasit, ya kuma nuna cewa bai cakuɗa mai shaida da marar shaida a rumbu ba. Ƙarfe ɗaya ya tsinke, sarƙar ta tashi daga aiki: katakon yana nan yadda yake, amma shaidar ta faɗi a hanya. Ba ƙungiyar ce ke zuwa dubawa da kanta ba, wasu kamfanonin bincike masu zaman kansu ne, suna zuwa kowace shekara, takardar kuma shekara 5 take yi a sabunta. Kai za ka biya su. Akwai tsarin da ƙananan masu sana'a ke haɗuwa a ƙarƙashin takarda ɗaya don rage nauyi, amma ko kun haɗu kun samu, sai kun sami katakon da ya zo da tasa shaidar tun daga daji.

To ka dubi yadda namu ke zuwa. An sare shi a Edo ko Ondo ko Ogun, an tsaga a can, an loda wa tirela ta biyo Ilori, Jaba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Jega, Tambuwal, ta sauke mana. A hanyar nan ya canja hannu sau uku ko huɗu. Tun ina yaro nake shiga 'yan katako a bayan mahaifina ina riƙe masa awo, kuma har yau ban taɓa ganin falanki ko tubaifo (katako mai inci biyu da huɗu) ɗaya mai wannan tambarin an jingine a rumfa ba. A Afirka, manyan dazuzzukan da ke da shaidar suna can Gabon da Kwango da Kamaru, kuma yawancin katakonsu jirgin ruwa yake hawa zuwa inda doka ta matsa wa mai saye. Amurka ta gyara dokarta a 2008 ta haramta shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba, Tarayyar Turai ta fara aiki da tata a 2013. Gabon ma ta hana fitar da gungume ɗanye tun 2010, a 2018 kuma shugabanta na lokacin, Ali Bongo, ya ce duk kamfanin da ke sara a dajin ƙasar sai ya nemi wannan takarda.

Mu abin da muke da shi shi ne na gwamnatin jiha, don a Najeriya galibin gandun daji a hannun jihohi yake. Mai sara yana karɓar izini, malamin daji ya buga wa gungumen guduma mai lamba a gindi, a ba mota takardar wucewa. Matsalar ita ce da zarar gungume ya shiga inji, tambarin gudumar ya tafi da ɓawon farko.

Ga shawarata. Ka koma wurinsu da bakinka, kada ka aika. Ka ce: yallaɓai, wannan sharaɗin babu mai cika shi da katakon kasuwar Sakkwato, me za ku karɓa a madadinsa? Sau da yawa daga babban ofishinsu aka kwafo takardar ba tare da an san kasuwarmu ba. Ka ba su zaɓi: malaina ko tik, waɗanda dasa su ake yi a gandu kamar na Omo a Ogun da Oluwa a Ondo, tare da rasit mai sunan itacen da garin da aka lodo shi, da kwafin takardar wucewa daga dillalinka. Dillalin da ke kawo mota da kansa yana da ita. Mai sarin falanki ashirin-ashirin ne ba shi da ita. In sun nace sai mai tambari, to su sayo allunan daga mai shigo da kaya da ke da lambar, kai ka yi aikin hannu, a rubuta haka a yarjejeniya. Malaina fa tana da laushi, ka ƙara kauri a ƙafafun benci, ka san yaran firamare.

TAMBAYA: Malam, mu da muka tashi da azara da gambun dogon yaro, ina ruwanmu da takardun Turawa? Daji na Allah ne. Daga wani dattijo, Gwadabawa.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Na Allah ne, babu musu. Amma ina roƙon ku tuna mini yaushe rabon da ku ga an kawo azara mai kyau, baƙa wuluk, mai nauyin da sai mutum biyu, a kan kuɗin da talaka zai iya. Giginya ba ta ba da azarar kirki sai ta yi shekaru masu yawa, magina kuma suna cewa namijin ya fi ƙarfi. Wanda ya sare ta yau, ba shi ya dasa ba, kuma da wuya a ga ya binne ƙwallo ɗaya a madadinta. Mahaifina yana da wata magana idan ya ga ana jibge itace ɗanye: "Wanga icce ya girme ka, ka gaishe shi kahin ka sa mai gatari." Muna dariya a lokacin.

Ku dubi madobiya. Itacen da makiyayi ke sassabe wa shanu ganyensa da rani, mai jan ƙaro kamar jini. Da kasuwar kayan ɗaki ta Sin ta buɗe masa baki, sai aka afka wa dazuzzukan Taraba da makwabtanta, 'yan kasuwa suna kiransa Madrid, tireloli suna jerin gwano zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Cikin 'yan shekaru manyan suka ƙare aka koma kan ƙanana. Sai da aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya. A taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin waɗanda sai da izini za su ƙetare iyaka. Maɗaci fa, Baba, wanda muke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki.

Takardar ba za ta dasa mana ko tsiro ɗaya a Gwadabawa ba, na yarda. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, kuma ku kun fi ni sanin inda rairayi ya kai. Abin da takardar ke tambaya shi ne abin da sarkin daji yake tambaya a da: wa ya ba ka izini, kuma me ka bari? Dogon yaron da kuka ambata ma ai baƙo ne daga Indiya, wani ne ya dasa muka samu inuwa da gambu. Gambunsa kuwa ina yaba shi, ƙwari ba su cika son sa ba, in dai an bar shi ya bushe.

TAMBAYA: Sabon ƙyauren da aka sa a ɗakin amaryata yana wani wari mai yaji, har ido na ruwa. Lafiya kuwa? Daga wani ango, Runjin Sambo.

AMSA: Ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Gam ɗin da ake haɗa garin katako da shi ne ke fitar da wani sinadari mai suna fomaldihaid, zafin garinmu kuma yana ƙara tayar da shi. Ba abin wasa ba ne idan ya yi yawa a rufaffen ɗaki. Ka buɗe tagogi, in da hali ka cire shi ka jingine a inuwa a tsakar gida mako biyu, ka shafe gefunan da ba su da rufi da fenti ko banish. Nan gaba ka nemi mai alamar E1 a jiki, ita ce ke nuna kaɗan yake fitarwa. Tambarin daji ba ya magana a kan wannan.

TAMBAYA: Ƙofar falankin da kafinta ya yi mini da damina, yanzu hunturu ya shigo ta tsage, har ana hango tsakar gida ta tsakanin allunan. Ya ce ba laifinsa ba ne. Daga wani direba, Bodinga.

AMSA: Ƙanena, rabin laifin nasa ne, rabi na gaggawarka, don na san ka ce masa kana so ranar Juma'a. Katakon Kudu da ruwansa yake iso mana. Can iska jiƙe take, nan kuwa da hunturu har leɓe tsagewa yake yi, balle falanki. Yana bushewa yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba, shi ya sa ɓarakar ke bin tsakanin allo da allo. Falanki mai faɗin inci 12 zai iya rasa kusan rabin inci in an haɗa shi ɗanye sharaf.

Kada ka cusa masa komai yanzu. In ka toshe da siminti ko garin katako da gam, damina za ta dawo ya sake kumbura ya ture abin ko ya banƙare. Ka bari sai zafin Afrilu ya gama da shi, sannan kafintan ya kwance allunan, ya goge gefunan, ya matse su, ya cike gurbin da ya rage da siririn katako irinsa. Ya shafa maganin gara kafin fenti, ba baƙin mai ba, don fenti ba ya kama baƙin mai. Fentin kuma ya zagaye ko'ina har sama da ƙasan ƙyauren, inda ido ba ya gani, ta nan danshi ke shiga. Ya bar ɗan sarari tsakaninsa da firam, kaurin tsohon kwabo, saboda watan Agusta.

Wanda zai yi sabuwa kuma ya sayi falankinsa tun yanzu, ya jera a inuwa a kan bulo, da 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ya ɗora wani abu mai nauyi a sama, ya shafa fenti a kawunan don kada su fashe. A rumfata wata biyu nake ba mai kaurin inci ɗaya kafin in taɓa shi da zarto, mai inci biyu kuma sai ya ga ƙarshen rani.